Daga Wadata: Jerin da ka gyara da jerin da ya isa

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar Wadata, lokacin da motocin Dosso da Dogondutsi da Ƙonni da Maraɗi ke lodi, ya san wata ƴar takarda da ake ninkewa huɗu a danƙa ma direba ko yaron mota tare da kuɗin shayi. Jerin kaya ne ɗan kasuwa ya rubuta ma abokin cinikinsa na wani gari: sukari buhu kaza, sabulu kwali kaza, ashana kaza. In ya sake shawara kafin mota ta tashi, sai ya ciro bik daga aljihu ya ja layi a kan sukari, ko ya kashe 50 ya rubuta 15 a gefenta. Takardar nan tana tafiya da gyaranta a jikinta. Wanda ya karɓa a Maraɗi yana ganin abin da aka so da farko, yana ganin abin da aka fasa, in kuma wani abu ya shige masa duhu sai ya ɗaga waya ya tambaya.

A yau jerin kaya ya koma cikin waya da kwamfuta. Ɗan kasuwa yana cika shi a shafin intanet na dillalinsa, tiranziter yana cika ma duwan, mai lissafin kamfani yana cika ma hukumar haraji, darektan lakwal yana jera sunayen ɗalibai, ma'aikacin biro yana jera sunayen waɗanda za a biya. Dukkansu aiki guda suke yi: su buɗe jeri, su ƙara layi, su goge layi, su canza adadi, sa'an nan su danna «Valider». Abin da nake so mu gane a makon ga shi ne, jerin da mutum ke kallo a fuskar wayarsa yana iya saɓa ma jerin da ya isa can inda ake ajiya, kuma ranar biya ko ranar shari'a wanda ya isa shi ake buɗewa.

Tocilar kawu

Abin ya faru a gidanmu, shi ya sa na ɗauko zancen. Ina da kawu mai rumfa a kasuwar Wadata, dattijo ne da ya fara ciniki tun zamanin gobarar Babbar Kasuwa ta 1982. Kayan gida yake sayarwa: butoci, kwanuka, tabarmin roba, tocila da makamantansu. Yana sarin kaya daga wani babban dillali a Lome, wanda ya buɗe shafi inda abokan cinikinsa ke rubuta abin da suke so. Ranar wata Litinin ɗansa ya cika masa jeri mai layi 40, ya ajiye. Ranar Laraba kawu ya zagaya kasuwa ya tarar tocila ta cika ko'ina, kuɗinta ya faɗi, sai ya ce ma yaron ya cire ta. A gaban kowane layi akwai ɗan akwati mai alama a ciki, ma'anar alamar kuwa a aiko da wannan kaya. Yaro ya cire alamar tocila a gaban idon mahaifinsa, ya danna maɓalli, shafi ya nuna koren rubutu cewa an karɓa. Suka rufe waya suka tafi masallaci.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan Lome suka koma ratsa Burkina, motoci na jiran rakiyar sojoji, tafiyar da ke cin makonni. Ranar da aka sauke kayan kawu, sai ga kwali 30 na tocila a ciki, ga su kuma rubuce a faktir, an riga an zare kuɗinsu daga abin da ya tura. Ya kira ni da hantsi, murya na rawa: «Kai da ka yi lakwal, zo ka gaya mini wa ya ci amanata, yaron nan ko mutanen Lome?» Na ce: «Kawu, ka yi haƙuri, bari in bincika tukuna.» Yaro ya rantse ya cire alamar, kawu da kansa shaida ne. Dillali kuma ya turo hoton jerin kamar yadda yake a kwamfutarsa, tocila na nan da alamarta. Mayar da kayan Lome ya fi kuɗin kayan tsada. Kawu ya sayar da su da asara, amma abin da ya fi asarar ciwo shi ne kwana uku ya yi bai amsa gaisuwar ɗansa da sakin fuska ba, yana zargin ko yaron ya sake buɗe wayar daga baya ya ɓata aikin ya ɓoye.

Na ɗauki maganar na kai ma wani abokina da muka yi lise tare, wanda yanzu sana'arsa tsara manhajar kwamfuta. Ya buɗe shafin a gabana, ya gwada shi da wani jeri na wasa, ya nuna mini abin da waya ke turawa in an danna maɓalli. Daga nan na gane cewa yaro gaskiya ya faɗi, dillali ma gaskiya ya faɗi.

Shirun da na'ura ba ta ji

Jerin na ainihi yana zaune a cikin wata babbar kwamfuta da ke nesa, wadda ake ce ma uwar garke. Lokacin da ka buɗe shafi, kwafi take aiko maka, sa'an nan ta juya ga wasu mutane. Duk gyaran da kake yi, goge nan, ƙara can, a cikin wayarka kaɗai yake, uwar garke ba ta san da shi ba. Sai ka danna maɓallin aikawa ne waya ke tattara guraben da ke cikin shafin, kowane gurbi da sunansa da abin da ke cikinsa, ta ɗaure su ƙunshi guda ta tura. Uwar garke ta kwance ƙunshin, ta karanta sunayen, ta gyara littafinta gwargwadon abin da ta fahimta.

Wannan tsari tsoho ne a lissafin shekarun intanet. Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya kawo shawarar shafukan intanet a 1989, a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. Guraben cikawa sun bayyana a 1993, aka rubuta ƙa'idodinsu a 1995. Daga cikin ƙa'idodin akwai wadda ta ci kawu: akwatin da ke da alama ana tura labarinsa, akwatin da babu alama kuwa ba a ambatonsa sam a cikin ƙunshin. Ke nan uwar garken dillali ta samu layi 39 suna cewa «a aiko», game da tocila kuma ba ta ji komai ba. Wanda ya tsara shafin ya koya mata ta gyara abin da aka ambata kawai, ta bar sauran yadda suke. Sai ta bar tocila yadda take tun ranar Litinin, ta kuma aiko da koren rubutu, domin a ganinta ta yi aikinta daidai.

Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma na'ura ba ta fassara shiru sai an gaya mata ma'anarsa. Maganin abin sananne ne ga masu sana'ar. Ana maƙala ma kowane akwati wani ɓoyayyen gurbi mai cewa «a'a», ta yadda in an cire alama, «a'a» ɗin ya isa. Wasu kayan aikin tsara shafi, irin su Ruby on Rails da ASP.NET, suna yin haka da kansu. Wanda ya gina shafinsa da hannu bai san da wannan ba, shi ke haƙa ma mutane rami. Haka ma gurbin da aka dusashe launinsa, wanda kana ganin rubutun ciki amma ba ka iya taɓawa, sau da yawa shi ma ba ya cikin ƙunshin. Layin da ka goge gaba ɗaya kuwa ya ɓace daga fuskar waya, kuma in ba a tanadi hanyar sanar da gogewar ba, ba ya barin wata alama irin layin da bik ke ja a kan takarda.

Kada mai karatu ya ce ai sai a koya ma uwar garke ta share duk abin da ba a ambata ba. Can ma akwai rami. In jerin yana da layi 200, shafi kuma yana nuna 20 a lokaci guda, ka gyara guda ka tura, to 20 kaɗai aka ambata, sauran 180 sai ta share su. Hanya mai tsabta ita ce shafi ya faɗi komai a fili: ga layukan da aka ƙara, ga waɗanda aka canza, ga waɗanda aka soke, kowane da lambarsa.

Lambar layi da iyakar ƙunshi

Batun lamba ma yana da nasa haɗari. Shafuka da yawa suna sa ma layuka suna gwargwadon matsayinsu: layi na sifili, na ɗaya, na biyu, har ƙarshe. Kamfanin Microsoft ya bayyana a jagororin ASP.NET cewa in aka bi wannan hanya, dole lissafin ya fara daga sifili kuma kada ya yi giɓi, in ya yi giɓi ba a karanta abin da ke bayansa. A ce jerin kawu ne mai layi 40, aka goge na shida, shafi bai sake jera lambobin ba. Uwar garke za ta karanta biyar na farko, ta iso giɓi ta tsaya, sauran 34 sun bi iska.

Akwai wanda ya fi wannan muni. In shafi ya sake jera lambobin, uwar garke kuma tana gane layi da matsayinsa kawai, to bayan an goge mutum na shida, na bakwai ya zama na shida. Gyaran da aka yi ma wani sai ya sauka a kan maƙwabcinsa. A jerin butoci da kwanuka abin da sauƙi. A jerin albashi ko na kuɗin tafiya, ƙarin wani ya tafi aljihun wani ke nan, kuma jimillar tana nan daidai, ba wanda zai lura sai mai haƙƙi ya zo yana kuka. Shi ya sa kowane layi ke bukatar lambar shaida tasa wadda ba ta canzawa. Ma'aikata sun san wannan tun kafin kwamfuta: gwamnati tana gane su da matirkil, ko a sama sunansu yake a takarda ko a ƙasa, kamar yadda hukumar haraji ke gane ɗan kasuwa da lambar NIF.

Sai iyakar ƙunshi. Harshen PHP, wanda aka gina shafuka masu ɗimbin yawa da shi a duniya, yana da wata iyaka tun Janairun 2012: in ba a canza saitinsa ba, gurbi 1000 kaɗai yake karɓa a aikawa guda. An sa iyakar ne domin tsaro, bayan wasu masu bincike sun nuna a Barlin, a Disambar 2011, yadda ake iya durƙusar da uwar garke ta hanyar tura mata gurabe masu yawa. Abin da ya wuce 1000 ana yanke shi a yar, gargaɗin kuma ana rubuta shi a littafin uwar garke, inda mai cika jeri ba zai taɓa gani ba. Yi lissafi da kanka: in kowane layi yana da gurbi 8, suna da sunan uba da ranar haihuwa da sauransu, layi 125 ne ke cika 1000. Darektan da ya tura sunayen ɗalibai 300 a bugu guda ta irin wannan shafi, yana iya ganin koren rubutu, alhali sama da rabin yaransa ba su shiga ba.

Kada a ce wannan ciwon matalauta ne. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sunayen mutum 15 841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga lissafin hukumar lafiya a kan lokaci ba, saboda an zuba sakamakon a tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65 536. Kayan aikin daban ne, amma cutar guda ce: jeri ya cika, aka yanke wutsiyarsa, ba a gaya ma kowa ba. Waɗanda suka yi cuɗanya da marasa lafiyar sun yi kwanaki ba a neme su ba.

Hannu biyu a jeri guda

Tun da kwafi kowa ke gyarawa, mutum biyu suna iya riƙe kwafin jeri guda a lokaci guda. Sakatare ya buɗe jeri da ƙarfe tara, shugaban sashe ya buɗe shi da tara da kwata ya cire suna biyu ya ajiye. Da ƙarfe goma sakatare ya gyara ranar haihuwar mutum guda ya ajiye nasa kwafin, wanda ke ɗauke da sunaye biyun nan. In ba a yi tanadi ba, na ƙarshe shi ke danne na farko, sunayen da aka cire su dawo, shugaba ya zaci an saɓa masa da gangan. Rigima nawa aka yi a biro a kan irin wannan, kowa na rantsuwa? Maganinsa ma tsoho ne. Ana ba jeri lambar bugu, duk wanda ya ajiye lambar ta ƙaru, in wani ya zo da tsohuwar lamba uwar garke ta ƙi, ta ce masa ya sake buɗewa ya ga abin da ya canza. Ƙa'idodin intanet sun tanadi wannan tun 1997, har amsar ƙin tana da lambarta, 412.

Mu a nan muna da ƙarin wahala guda, ita ce rezo da kuran. Ka danna maɓalli, waya ta yi ta juyi, ba ka san ko saƙo ya tafi ba. Wani lokaci ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya. Ka sake dannawa, in shafin bai da kariya, odarka ta zama biyu. Wani lokaci kuma ka daɗe kana cika dogon jeri, uwar garke ta gaji da jira ta rufe zamanka, ka danna maɓalli ta mayar da kai shafin shiga, aikin awa guda ya tafi.

Ga kuma batun rubuta adadi, wanda ya shafi mu da ke ciniki tsakanin sefa da naira. A lakwal ɗinmu an koya mana waƙafi shi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, kuma da yawa muna sa ɗigo a raba dubbai, mu rubuta 1.500 muna nufin dubu da ɗari biyar. Shafin da aka tsara da al'adar Turancin Ingila, irin na Kano ko Legas, yana iya karanta wannan a matsayin ɗaya da rabi. Bayan haka ga lissafinmu na baka: Alhaji ya ce dala ɗari, yana nufin sefa 500, yaro ya buga 100. Kuskuren gurbi ba ya raina babba. Ranar 8 ga Disamban 2005, wani ma'aikacin kamfanin Mizuho a Japan ya so sayar da hannun jari 1 a kan yen 610 000, sai ya juya guraben, ya sayar da 610 000 a kan yen 1. Kamfanin ya yi ƙoƙarin sokewa nan take, na'urar kasuwar hannun jari ta Tokiyo ba ta karɓi sokewar ba. Asarar ta kai kimanin yen biliyan 40, kuma a 2009 kotu ta ɗora ma kasuwar biyan wani kaso.

Inda hukuma ta shigo

Tsakanin kawu da dillalinsa, asarar ta tsaya a kwali 30. Jerin da ake tura ma hukuma nauyinsa ya fi haka, domin furuci ne da doka ke kama mutum da shi. Duwan ɗinmu tana aiki da tsarin SYDONIA, wanda hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ginawa a 1981 bisa roƙon ƙungiyar CEDEAO, wadda ƙasarmu ta fice daga cikinta a Janairun 2025. Takardar bayyana kaya jeri ce ita ma: kowane nau'in kaya da layinsa, da lambar tarif, da ƙasar da ya fito, da nauyi, da ƙima. Jadawalin kuɗin fito da aka fara aiki da shi a yankin a 2015 ya raba kaya gida biyar: kashi 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Lamba guda ta zame daga layi zuwa maƙwabcinsa, kuɗin fito ya canza, kuma in mai duba kaya ya buɗe kwantena ya ga saɓani, sunan abin bayanin ƙarya, ko da mai kaya bai yi niyya ba.

Tsarin yana da mataki biyu da ya kamata kowane mai kaya ya sani, ko da tiranziter ke yi masa aiki. Akwai ajiye takarda, wanda a lokacin ana iya gyara ta yadda aka so. Akwai kuma yi mata rajista, inda take samun lamba, daga nan gyara sai da yardar duwan. Tsakanin matakan nan biyu ne mai kaya ke da damar cewa a buga masa jerin ya karanta, ko a karanta masa. Haka faktir mai tabbaci da hukumar haraji ta kafa, mai ɗauke da lambar QR: da zarar an tabbatar da ita ba a goge ta, sai dai a yi wata faktir ta sokewa. Layin da ya maƙale a ciki bisa kuskure, harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari yana biye da shi har sai an warware.

Abin da ya rage namu

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci, ga abin da na koya. Koren rubutu yana nufin wani abu ya isa, bai faɗi mene ne ba. Bayan ka danna maɓalli, ka fita daga shafin gaba ɗaya, ka sake shiga, ka buɗe jerin daga farko, domin wanda zai fito yanzu shi ne na uwar garke. Ka ƙidaya layukan. Ka duba na ƙarshe yana nan. Ka nemi wanda ka soke ka tabbata ya tafi, ka duba wanda ka canza da na samansa da na ƙasansa, sa'an nan ka gwada jimilla da lissafin da ke littafinka. Wannan jerin da ya dawo shi za ka ɗauka hoto ko ka buga a takarda. Hoton da ka ɗauka kafin aikawa shaida ce ta niyyarka kawai, ba ta nuna abin da aka karɓa. In rezo ya yanke, kada ka sake dannawa sai ka duba ko na farko ya shiga. In jerin dogo ne, ka tura shi kashi-kashi in shafin ya yarda. In ku biyu ke aiki a kan jeri guda, ku yi magana kafin kowa ya buɗe. In kuma gyaran babba ne, irin fasa kwali 30, minti guda na waya ya fi makonni na da-na-sani araha.

Sai dai ba na so a ɗora duk nauyin a kan mai cikawa. Yawancin ƴan kasuwarmu ba sa karanta Faransanci, ƴaƴansu ko yaran siber ke danna masu. Bai dace a ce dattijo mai rumfa sai ya san ƙa'idar 1995 kafin ya tsira da dukiyarsa ba. Nan maganata ta koma ga ƴan uwana ma'aikata, musamman waɗanda ke rubuta sharuɗɗan kwangila da waɗanda ke sa hannu a karɓi aiki in ma'aikatarsu ta sa an gina mata shafi. Ku sa a cikin sharuɗɗa cewa bayan kowace aikawa shafi ya faɗi a fili: na karɓi layi kaza, na ƙara kaza, na canza kaza, na soke kaza, ga sunayensu. Ku sa cewa in uwar garke ba ta iya ɗaukar jeri duka ba, ta ƙi shi duka ta faɗi dalili, domin rabin jeri da koren rubutu ya fi ƙin karɓa cutarwa. Ku sa a riƙa ajiye tarihin gyara, wa ya canza me, da wane lokaci, yadda ranar gardama ba sai an kai ga rantsuwa ba. Ku sa uwar garke ta sake lissafa jimilla da kanta, kada ta yarda da wadda waya ta turo. Ranar karɓar aiki kuma kada ku gwada shi da layi uku a biro mai sanyi da rezo mai ƙarfi. Ku zuba masa layi 500, ku goge na tsakiya, ku cire alama, ku buɗe shi mutum biyu, ku kashe rezo a tsakiyar aikawa, ku ga abin da zai yi. Waɗannan sharuɗɗa ba sa ƙara ma kwangila kuɗi mai yawa, kuma duk injiniyan da ya san aikinsa ya san yadda ake yin su.

Na koma Wadata na zauna a rumfar kawu, na bayyana masa abin da na gano da misalin da zai gane. Na ce masa: «Kawu, kamar ka aiki yaro ne ka ce ya karanto ma dillali abin da kake so kawai. Ya karanta 39, bai ambaci tocila ba, dillali kuma yana riƙe da takardar Litinin, sai ya ɗauka tana nan.» Ya yi shiru, can ya ce: «To ai da na aiki yaron mota da takarda, da ya ga inda na ja layi.» Na ce gaskiya ne. Ya kira ɗansa daga bayan rumfa, ya miƙa masa ragowar shayinsa, bai ce komai ba, yaron ma bai ce komai ba. Mun rubuta ma dillalin bayanin abin da abokina ya gano, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, akwai wasu masu rumfa da ke cika jeri a shafin nan. Yanzu duk ranar da za su yi oda, bayan yaro ya danna maɓalli, kawu yana sa shi ya rufe wayar, ya sake buɗewa, ya karanto masa jerin daga layi na farko har na ƙarshe, shi kuma yana bi da yatsa a tsohon littafinsa.

Allah ya tsare mana dukiya da zumunci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.